Ƙararrawar Injiniya a Gidan Wanki

Akwai bayin Allah da aka halitta domin su hango masifa tun tana nesa, su tsaya tsakaninta da jama'a. Injiniya ba ya cikinsu, sai dai har yau ba a sami mai ƙarfin halin da zai sanar da shi ba.

Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, bayan wani kwas na gina shafukan intanet da ya yi ta waya, yana kwance a doguwar kujerar falon yayansa. A gida Auta ake kiransa, kuma yana amsawa idan kiran na abinci ne.

Matar yayan nasa, wadda kowa a layin ke kira Anti, tana da gidan wanki da guga a ƙasan wani bene, tsakanin shagon Mai aski da kantin magani. Injinan wanki a ciki, teburin guga a gefe, kanta a bakin ƙofa, ga ƙamshin sabulu da ke tarar mutum tun daga titi. Tana kuma da shafi a intanet: mutum ya shiga ya faɗi kayan da yake son a wanke da inda za a ɗauka, Direba ya je ya ɗauko. Shafin yana zaune ne a wata kwamfutar haya da ke can nesa, wadda ake kira saba. Wanda ya gina shi ya sami aiki a wani gari ya tafi, ya bar shi yana aiki shiru kamar firji. In ƙaramin abu ya faru, kamar wani ya manta kalmar sirrinsa ko ya nemi shafin da babu, sai a rubuta a wani kundi da 'yan sana'ar ke kira log, wanda ke share tsofaffin bayanai da kansa. In babban abu ne, sai saƙo ya zo wayar Anti. Takan yi watanni ba ta ga irin saƙon ba.

Abin da ke gaban Anti a makon shi ne otal. Wani babban otal na neman inda zai riƙa kai zannuwan gado da tawul, bayan ya rabu da masu yi masa wanki saboda oda na ɓacewa a hannunsu ba wanda ya sani. Manajar otal ɗin ta ce za ta zo da kanta ranar Alhamis ta ga wurin, ta kuma gwada shafin. Anti ta riga ta kawo sabon inji ƙato domin wannan aiki, sai da aka fasa rabin bango kafin ya shiga. In otal bai zo ba, injin zai ƙare rayuwarsa yana wanke singileti.

Kuskurenta ɗaya ne. Ranar Litinin ta bar kwamfutarta a buɗe ta shiga ciki duba injin.

"Inna lillahi!" in ji Injiniya daga bayan kanta. "Anti, zo ki ga abin da kike zaune a kai."

"Kujera," in ji Anti, tana goge hannu.

"Wace kujera? Wuta! Dubi nan. Kuskure, kuskure, kuskure. Shafinki kullum kuka yake, ba mai jin sa."

Ta leƙa. Layukan rubutu ne ƙanana-ƙanana sun cika allon.

"To ai oda na shigowa."

"Ikon Allah ne kawai ke shigo da ita. Nan wani ya nemi hoton da babu. Nan wani ya rubuta kalmar sirri ba daidai ba, ya sake, ya kuma sake. Kin san ko ɓarawo ne?"

"Mai kantin magani ne. Kullum sai ya manta."

"Yau shi ne. Gobe fa? A manyan kamfanoni, ko tari shafi ya yi sai an sanar da shugaba. Ki bar min wannan. Kafin Alhamis zan kafa miki tsarin da Manaja za ta gani ta roƙe ki ki ba ta aro na."

"Aro? Kyauta zan ba ta, in raka ka har mota. Auta, kar ka taɓa abin da ke aiki."

"Injiniya. Kuma ba taɓawa zan yi ba, sa ido zan yi."

Sabon injin ya yi wata irin ƙara a ciki, Anti ta juya ba ta ba shi amsa ba. Shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin sa hannu.

Kafin la'asar ya gama. Ya soke bambanci tsakanin babban kuskure da ƙarami, domin a cewarsa wanda ya gina shafin ba shi da hurumin raina kuskure. Ya hana kundin share tsofaffin bayanai, yana mamakin yadda za a riƙa zubar da shaida. Ya kuma umarce shi ya riƙa rubuta komai: wa ya shigo, me ya taɓa, ina ya tsaya yana tunani. Sannan ya bi mutane yana karɓar lambar waya. Ya sa ta Anti, da ta Direba, da ta dattijon da ke guga, da ta Yaya, wanda malamin makaranta ne kuma bai san ta inda ake zuba wa inji sabulu ba. Saƙon shi ya tsara shi da kansa, da manyan baƙaƙe: HAƊARI! AN SAMU MUMMUNAN KUSKURE. A GAGGAUTA. Daga ƙarshe ya ɗauko lasifikar da yake jin waƙa da ita ya rataye a saman kanta, tare da jan ƙwan fitila, yadda duk kuskuren da ya faru ƙararrawa za ta buga, ƙwan ya yi ta ƙiftawa.

Ta farko ta buga ne lokacin da Mai guga ke kan farar rigar wani lauya. Dattijon ya saki dutsen guga ya yi waje, waya na tsuwa a aljihunsa, ya tarar da Anti a bakin titi riƙe da bokitin ruwa tana neman inda hayaƙi yake.

Injiniya ya fito yana murmushi.

"Ku kwantar da hankali. Wani ne ya nemi shafin da babu. Kun ga saurin? Kafin ya ɗauke yatsansa mun sani."

"Mun sani, sai me?" in ji Anti.

"Sai mu zauna cikin sani."

A daidai lokacin hayaƙin ya samu, daga wajen teburin guga. Rigar lauya ta sami taswirar dutsen guga a tsakiyar baya, launin ƙasa-ƙasa, ta fito tsaf har da ramukan.

Injiniya ya ɗaga rigar ya duba ta a haske.

"Wannan ba na cikin shafi ba ne, Baba. Kuskuren hannu ne. Tsarina bai iso nan ba tukuna."

"Allah kada Ya kawo shi," in ji Mai guga.

Washegari aka gano cewa intanet cike take da mutane da na'urori marasa aikin yi, masu taɓa ƙofar kowa su wuce. Ƙararrawa ta buga ana buɗe shago, ta buga ana shanya, ta buga wata mata na miƙo labule har ta sake shi a ƙasa. Direba mutum ne mai bin doka, ba ya duba waya yana tuƙi. Duk sanda ta yi tsuwa sai ya gangara gefen titi ya karanta, ya ce subhanallah, ya koma kan hanya. Kayan da ya ɗauko da hantsi bayan azahar suka iso.

Mai aski ne ya fara ganin amfanin tsarin, kasancewarsa mutum mai yawan lokaci tsakanin kai da kai. Ya lura in ya buɗe shafin Anti a wayarsa ya ƙara wasu haruffan banza a ƙarshen adireshin, nan take shagon maƙwabta zai ɗauki kuka. Ya gwada, ya sake gwadawa domin ilimi, sannan ya koya wa duk wanda ya zauna a kujerarsa. Kafin yamma an kafa ƙa'ida a layin. Bugu ɗaya, Mai guga ya fito an kawo shayi. Bugu biyu a jere, Mai kantin magani na neman wanda zai tsare masa kanti.

Injiniya ya shigo aski a ranar, domin Manaja ta same shi a kintse.

"An kawo mana hari," ya faɗa da ƙaramar murya, bayan an ɗaura masa ƙyalle a wuya. "Wasu ƙwararru ne, ina zargin daga waje. A tsare suke bugowa, ɗaya-ɗaya, biyu-biyu."

"Ikon Allah," in ji Mai aski, hannu ɗaya riƙe da injin aski, ɗayan a aljihu. "Injiniyan duniya, ka gano su kuwa?"

"Na kusa. Ni ba a yi min wayo a intanet."

Ƙararrawa ta buga. Injiniya ya miƙe ya ruga shagon Anti da ƙyallen a wuya, gefe ɗaya na kansa a aske, ɗayan yana nan yadda ya zo da shi. Da ya dawo ya zauna, ta sake bugawa. Askin da ake yi cikin ɗan lokaci sai da ya kai su magariba.

Ba a daɗe ba kowa ya yi abin da ɗan Adam ke yi wa mai yawan kira. Anti ta kashe sautin wayarta ta jefa ta aljihun tebur. Mai guga ya sa tasa cikin safa, ya sa safar cikin takalmi. A cikin saƙonnin da suka ci gaba da zuwa akwai ɗaya da ke cewa wurin ajiyar sabar ya kusa cika, domin kundin da aka hana zubar da shaida ya yi ƙiba. Saƙon ya zo da kai iri ɗaya da sauran, ya shiga layi tsakanin mantuwar Mai kantin magani da shayin Mai guga, ba wanda ya buɗe shi.

Rashin karanta saƙo ya ɓata wa Injiniya rai ƙwarai.

"Ana ta yi muku gargaɗi kuna kunnen ƙashi! To daga yau, in saƙo ya je wa mutum bai amsa ba, sama zai hau."

Haka ya tsara. Daga Mai guga zuwa Direba, daga Direba zuwa Anti, daga Anti zuwa Yaya. Da ya rasa wanda ke sama da Yaya, sai ya sa lambar Inna, mahaifiyarsu, tunda tsari ba ya tsayawa sai a kan shugaba.

Inna ta iso ranar Laraba da hantsi a cikin tasi, mayafi a karkace, takalman ƙafarta ba iri ɗaya ba.

"Wa ya mutu?" ta faɗa tun daga ƙofa. "Ku faɗa min kawai, na riga na yi kukan a mota."

Anti ta tarye ta ta riƙe mata hannu.

"Inna, lafiya? Ba wanda ya mutu."

"To wa ke asibiti? An ce haɗari, an ce a gaggauta. Ina mijinki? Mota ce ta buge shi?"

"Yana aji, Inna, yana koyarwa."

Injiniya ya matso yana gyara murya.

"Inna, ai tsari ne. Mai kantin magani ne ya manta kalmar sirrinsa."

Inna ta zauna a kan ƙullin kayan wanki, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Auta. Mai kantin magani ya yi mantuwa, shi ne ka taso ni daga gida?"

"Ba ni ba ne, na'ura ce."

"Wa ya ba na'urar lambata?"

"Girmamawa ce, Inna. Ke ce matakin ƙarshe."

"Kin ji," in ji Inna ga Anti. "Ni ce matakin ƙarshe. Wannan tun yana goye haka yake, ko sauro ne ya wuce ta gefen kunnensa sai ya tara unguwa. Ke ma da laifinki, da kika bar shi kusa da abu mai wayar wuta."

Da yamma, ana cin abinci a gida, Anti ta ajiye cokali ta dubi mijinta.

"Ka yi wa ƙaninka magana. Gobe matar nan za ta zo. Ya cire komai, ya mayar min da shafina yadda ya same shi."

Yaya mutum ne mai son zaman lafiya, musamman in akwai abinci a gabansa.

"Auta, ka ji abin da aka ce."

"Yaya, ai laifinka ne. Da ka amsa saƙon da bai kai ga Inna ba."

"Ni saƙon ba ya shigo min," in ji Yaya, yana kallon kwano.

Ba gaskiya ba ne. Tun ranar farko ya toshe lambar, saƙonnin na isa suna taruwa a wani lungu na wayarsa. Amma Injiniya ya tsaya cak, loma a hannu.

"Ba ya shigowa? To ka ga babban ramin! Saƙon kuskure ya kasa tafiya, kuma ba wanda ya sani!"

"Auta," in ji Anti, "cirewa na ce."

"Zan daidaita."

Ya daidaita. Ya cire lambar Inna, ya soke hawa sama. A madadinsu ya kafa sabuwar doka: duk saƙon da ya kasa tafiya, shi ma kuskure ne. A rubuta shi a kundi tare da cikakken bayanin saƙon da ya kasa, a kuma sanar da kowa. Doka ce mai kyau, irin wadda mutum kan yi ya jingina da kujera yana sha'awar kansa.

Ranar Alhamis da safe Anti ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, har sai da ya kashe tsarin gaba ɗaya. Shagon ya yi tsit, sai gurnanin injina. Ta aika wa Mai aski da saƙon cewa in ta ji ƙararrawa yau, da injin askinsa za ta yi masa aski. Injiniya kuma ta tura shi ɗakin baya ya naɗe tawul. A hanyarsa ya tsaya wajen teburin guga.

"Baba, ba na ganin kana amsa saƙo. Lambar tana nan?"

"Na canza layi," in ji Mai guga, bai ɗago ba.

"To ba ni sabuwar."

Dattijon ya karanto masa lambobi daga kansa, yadda suka zo masa, ya tsaya inda ya gaji. Ba su kai adadin lambar waya ba. Injiniya ya ƙara su a tsarin bai ƙirga ba, bai kuma cire tsohuwar ba, domin a lokacin motar otal ke tsayawa a ƙofa.

Manaja mace ce mai tabarau da ƙarancin magana. Ta zagaya injinan, ta shafa gefen sabon, ta ɗauki tawul ta shinshina, ta ɗaga wani wando ta duba karin guga. Ta gyaɗa kai sau da yawa, Anti na binta a baya tana addu'a a zuci. Komai ya tafi daidai har suka dawo gaban kanta.

"Wankinku ya yi min," in ji Manaja. "Saura abu ɗaya. In oda ta ɓace, ko shafin ya sami matsala, yaya kuke sani?"

Anti ta buɗe baki. Labulen ɗakin baya ya ɗaga.

Ba wanda ya san lokacin da Injiniya ya sa kwat.

"Ranki ya daɗe, wannan tambayar tawa ce."

"Wane ne wannan?"

"Ƙanin maigidana ne," in ji Anti. "Tawul yake naɗewa."

"Shugaban sashen sa ido," in ji Injiniya. "Ranki ya daɗe, a nan ba ma jiran kuskure ya girma. Tun yana jariri muke kama shi. Ki ba ni lambarki ki gani da idonki."

Anti ta yi masa kallon da ya isa ya busar da jiƙaƙƙen bargo. Bai gani ba, yana rubuta lambar. Ya kunna tsarin, ya miƙe hannuwa kamar mai shirin tiyata, ya buɗe shafin ya ƙara haruffan banza a ƙarshen adireshin.

Ƙararrawa ta buga. Jan ƙwan ya ƙifta. Wayar Manaja ta yi tsuwa a kan kanta. Ta ɗauka ta karanta, ta ɗaga gira.

"Da sauri kam. Ba laifi."

Da abin ya tsaya nan, da yanzu hoton Injiniya na rataye a shagon. Amma saƙon da aka aika wa guntuwar lambar Mai guga ya kasa tafiya. Bisa sabuwar doka wannan kuskure ne, don haka aka rubuta shi, aka sanar da kowa. Kowa kuwa ya haɗa da guntuwar lambar.

Wayar Manaja ta sake tsuwa.

"Wannan fa?"

"Tabbatarwa ce, ranki ya daɗe."

Ta sake.

"Wannan kuma?"

"Tabbatar da tabbatarwar."

Daga nan ba a sake samun sararin tambaya ba. Kowane saƙo da ya kasa sai ya haifi wani, kowane sabo kuma yana goye da labarin uwarsa da kakarsa. Ƙararrawa ta daina bugawa ta koma kuka ɗaya miƙaƙƙe. Jan ƙwan ya yi ta ƙiftawa kamar mai ciwon ido. Wayar Manaja ta kama tafiya da kanta a kan kanta, ta doshi baki, sai da ta cafke ta. Aljihun teburin Anti ya ɗauki gurnani. A ƙarƙashin teburin guga takalmin Mai guga na rawa shi kaɗai.

"Kashe!" in ji Anti.

"Ina kashewa!"

Yana dannawa, kwamfutar na tunani. Kowane danni ma sai an rubuta shi a kundi, kamar yadda ya umarta.

Jama'a suka taru a ƙofa. Mai kantin magani ya iso da tukunyar kashe gobara yana neman inda zai fesa. Wani mutum ya shigo da kumfa a rabin gemunsa. A bayansa Mai aski ne, hannuwa biyu a sama.

"Anti, wallahi wannan karon ba ni ba ne!"

Injiniya ya juyo.

"Wannan karon? Wane karon ne kai?"

"Ka ji da ƙwararrunka na waje tukuna."

Manaja na ƙoƙarin amsa kiran da ake yi mata daga otal, saƙonni na rufe mata allon kafin yatsanta ya sauka. Injiniya ya fizge wayar lasifikar, lasifikar ta ci gaba, domin tana da batirinta. Mai guga ya zo a nitse ya sauke ta daga ƙusa, ya buɗe sabon injin ya sa ta ciki, ya rufe ƙofar. Kukan ya koma can ƙasa-ƙasa, kamar na akuyar da ta faɗa rijiya. Wannan shi ne aiki na farko da injin otal ya yi.

Sai kuma komai ya ɗauke lokaci ɗaya. Wayoyi suka yi shiru. Ƙwan ya mutu. A allon kwamfutar layukan suka tsaya cak.

Injiniya ya share gumi, ya gyara wuyan kwat, ya juyo ga jama'a.

"Alhamdu lillahi. Kun ga ni? Tsarin ya daidaita kansa. Ranki ya daɗe, duba nan. Ko kuskure ɗaya ba ya shigowa."

"To bari in gwada oda," in ji Manaja.

Ta buɗe shafin. Fari fat. Ta sake buɗewa. Mai aski ya gwada a tasa, Mai kantin magani ya ajiye tukunyar ya gwada a tasa, aka yi ta ɗaga wayoyi sama ana nuna wa juna farin allo. Kundin ya cinye ɗan wurin da ya rage a sabar. Shafin ba shi da inda zai rubuta oda, ba shi da inda zai rubuta kuskure, ɗan aiken da ke tura saƙonni ma ya kwanta tare da su.

"Shafin ya mutu?" in ji Manaja.

"Hutawa yake."

"In na yi oda yanzu, za ta shiga?"

"Yanzu-yanzu, a'a."

"Wannan ba kuskure ba ne?"

"A fasahance," in ji Injiniya, "kuskure ne. Babba ma."

Manaja ta ɗaga wayarta ta duba, ta juyo masa da allon.

"To ina saƙon?"

Mai aski ne ya fara dariyar, har sai da ya dafa ƙofa. Mai rabin gemu ya kama, sauran layin suka ɗauka. Injiniya ya fara wani bayani a kan yadda manyan kamfanoni ma kan gamu da irin wannan, amma ba a ji ƙarshensa ba, domin Mai guga ya ɗora masa tarin tawul a hannu har ya rufe masa baki.

Manaja ta ɗauki jakarta ta nufi mota. Anti ta bi ta har bakin titi.

"Hajiya, ki saurare ni. Shafin nan har ranar Litinin lafiyarsa ƙalau. Ba ciwo ne ya kama shi ba, ƙanin miji ne."

Manaja ta tsaya, hannu a murfin mota. Ta cire tabarau ta goge.

"Ina da irinsa a gida. Nawa janareto yake gyarawa. Tun da ya gyara shi muke kunna kyandir."

"Allah Ya ba mu haƙuri."

"Amin. Ki ji, 'yar'uwa. Wankinki na so. Zan fara aiko miki da tawul kawai, ta waya, baki da baki. Zannuwan gado kuwa sai ranar da na yi oda a shafinki ta shiga, wayata ba ta yi kuka ba. Kuma a cire lambata."

"Za a cire."

"Wancan ma a cire shi."

Ranar Asabar aka sami wanda ya gina shafin a waya. Daga can inda yake ya shiga sabar, ya kwashe kundin, ya mayar da komai yadda yake. Injiniya na tsaye a bayan Anti da tawul a kafaɗa, yana shaida wa Mai guga cewa daidai abin da shi ma yake shirin yi ke nan.

"Saura abu ɗaya, Anti," in ji muryar a waya. "Akwai saƙonni jibge a layi da ba su samu fita ba, ba su da iyaka. In share su?"

Anti ta waiwaya ta dubi Injiniya.

"Karanto min lambobin da ke ciki."

Ya karanto. Tata, ta Direba, ta Mai guga, ta Yaya, ta Manaja, da wata guntuwa.

"Ke nan babu ta Auta?"

"Ai mai sa ido ba a ɗauke masa hankali," in ji Injiniya da sauri. "Haka ƙa'idar aikin take."

"Kar ka share," in ji Anti a waya. "Cire waɗannan duka. Ga wata lamba, ka sa ta ita kaɗai, ka tura."

Wayar Injiniya ta fara tsuwa ranar Asabar da hantsi. Ranar Litinin, da aka kawo tawul ɗin otal, tana yi.